Siyasar Jam'iyya a Ƙofar Makaranta: Darasi Daga Ƙananan Zaɓuɓɓukan Amurka

Gabatarwa

A ranar 5 ga Nuwamba, 2024, wato ranar da Amurkawa suka fita zaɓen shugaban ƙasa, an ɗora wa mutanen jihar Fulorida wata tambaya ta daban a kan takardar ƙuri'arsu. Tambayar ita ce: shin a riƙa rubuta sunan jam'iyya a gefen sunan duk wanda ya tsaya takarar kujerar hukumar makarantu, ko kuwa a bar abin yadda yake, kowa ya tsaya da sunansa kawai? Kusan kashi 55 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince a shigo da jam'iyya. Sai dai tsarin mulkin jihar ya gindaya cewa ba a yi masa gyara sai an sami kashi 60, saboda haka batun ya faɗi da ƙyar.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan ɗalibin da ke koyon aikin malanta da abin da ya faru a wata jiha ta Amurka? Amsar ita ce, abin da ake jayayya a kansa shi ne wa zai ɗauki malami aiki, wa zai canza masa wurin aiki, wa zai zaɓi littafin da zai shiga aji da shi, kuma da wane ma'auni za a auna shi. Ra'ayina a wannan muƙala shi ne, shigar da tambarin jam'iyya cikin zaɓen masu kula da makarantu kuskure ne. Amma zan kuma nuna cewa cire tambarin kaɗai bai isa ya tsare makaranta ba, muddin iyaye da sauran jama'ar gari suna kwance a gida ranar zaɓe.

Yadda Tsarin Yake

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san yadda abin yake. A ƙarƙashin jihohin Amurka guda 50 akwai gundumomi fiye da 3,000, waɗanda suke kira kawunti. Jihar Tekzas kaɗai tana da 254, ita kuwa Delawe uku ne gare ta. A mafi yawan gundumomin nan jama'a ne ke zaɓen kwamishinonin da ke tafiyar da su, da shugaban 'yan sandan gunduma, da mai gabatar da ƙara, da ma'aji, da magatakarda. A jihohi da yawa wannan magatakardan ne ke shirya zaɓe ya kuma ƙidaya ƙuri'u. Galibin waɗannan kujeru da sunan jam'iyya ake neman su, wato Dimokurat ko Rifablikan, ko da yake akwai jihohi irin su Kalifoniya da ba a sa jam'iyya a kujerun gunduma.

Makarantun gwamnati kuma suna da nasu tsarin. An kasa ƙasar zuwa shiyyoyin makarantu kimanin 13,000, kuma kusan kowace shiyya tana da hukumarta ta mutum biyar, ko bakwai, ko tara, waɗanda mazauna wurin ke zaɓa. A wasu jihohi iyakar shiyya ita ce iyakar gunduma. Fulorida misali ce, gundumominta 67, kowace da hukumar makarantunta. Wannan hukuma ce ke naɗa babban jami'in ilimi na shiyya a yawancin wurare, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke sa hannu a yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai, ita ke yanke shawarar gina makaranta ko rufe ta, kuma tana da ta cewa kan littattafai cikin iyakar manhajar da jiha ta shata. Kuɗin da take juyawa ba ƙanana ba ne. Abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa a shekarun da babu wata annoba bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran daga jiha yake zuwa da kuma harajin gidaje da filaye da mazauna shiyyar ke biya. Ashe ke nan wanda ya zauna a wannan kujera yana taɓa aljihun maƙwabcinsa, yana kuma taɓa makomar ɗan maƙwabcin nasa.

Dalilin da Ya Sa Aka Kori Jam'iyya Tun Farko

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen ƙarni na 19, makarantun manyan biranen Amurka suna hannun iyayen gidan siyasa na unguwanni. A birnin Niyok, ƙungiyar siyasar nan da ake kira Tammany Hall ta daɗe tana raba ayyukan gwamnati ga magoya bayanta. A Filadelfiya, a farkon ƙarni na 20, har gurfanar da wasu masu kula da makarantun unguwa aka yi bisa laifin karɓar kuɗi daga hannun malamai kafin a ba su aiki. Malama kan sami aji ne don ɗan'uwanta ya kawo ƙuri'un layinsu, kwangilar gawayin ɗumama aji da ta littattafai kuma ta tafi ga wanda ya yi wa jam'iyya hidima.

Ganin haka ne masu neman gyara na wancan zamani suka tashi tsaye. A 1896 aka soke ikon wakilan unguwanni a kan makarantun Niyok. Daga nan birane da jihohi suka bi sahu: aka rage yawan 'yan hukuma, aka cire sunan jam'iyya daga takardar ƙuri'a, aka kuma ware wa zaɓen makarantu rana dabam da ta babban zaɓe, don kada guguwar siyasar ƙasa ta kwashe shi. Gaskiya ne wannan gyara ya zo da nasa aibin, domin ya rage muryar talakawa da baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, ya ƙara ta attajirai da 'yan boko. Duk da haka ya kafa wata ƙa'ida mai daraja, wato a ɗauki malami saboda iliminsa da ƙwarewarsa. Har yau a mafi yawan jihohi ba a rubuta jam'iyya a zaɓen makarantu. 'Yan kaɗan ne, irin su Fensilbaniya da Alabama da Luwiziyana, suka daɗe suna yin sa da sunan jam'iyya.

Yadda Jam'iyya Ta Dawo

Shekaru da dama zaɓen hukumar makarantu abu ne mai sanyi. Ɗan takara kan buga 'yan alluna ya kafa a ƙofar gidajen abokansa, ya bi gida gida yana gaisawa, ya halarci zaman tambaya da amsa a ɗakin taron wata makaranta, shi ke nan. Sau da yawa ma ba a samun abokin hamayya.

Annobar korona ta 2020 ce ta sauya al'amarin. An rufe makarantu wata da watanni, iyaye suka fusata, aka shiga gardama kan ranar buɗewa da sanya takunkumin fuska. Kafin wannan ta lafa sai ga gardamar yadda za a koyar da tarihin bauta da wariyar launin fata, da batun jinsi, da irin littattafan da ya dace a ajiye a ɗakin karatu. A farkon 2021 aka kafa ƙungiyar iyaye mata mai suna Moms for Liberty a Fulorida, ta bazu zuwa jihohi da yawa tana tsayar da 'yan takara. A shekarar ce kuma Glenn Youngkin ya ci kujerar gwamnan Bajiniya bayan ya ɗora yaƙin neman zaɓensa a kan 'yancin iyaye a harkar makaranta. 'Yan siyasa suka gane cewa akwai ƙuri'a a ƙofar makaranta. A 2022 gwamnan Fulorida, Ron DeSantis, ya fito fili ya goyi bayan 'yan takarar hukumar makarantu 30, yawancinsu kuma suka ci. Ɓangaren Dimokurat da ƙungiyoyin da ke tare da su su ma suka fitar da nasu jerin sunayen. Jihar Tenesi ta yi doka a 2021 da ta ba jam'iyyu damar tsayar da 'yan takara a wannan zaɓe, Indiyana kuma ta buɗe irin wannan ƙofa a 2025.

Salon kamfe ma ya canza. Yanzu ana tara kuɗi daga wajen shiyya, ana ɗauko ƙwararrun masu tsara yaƙin neman zaɓe, ana aika saƙonni ta waya da Facebook, kuma kalaman da ake ji a ƙauyen wannan jiha su ne ake ji a birnin waccan, kamar daga baki ɗaya suka fito.

Hujjar Masu Son Tambarin Jam'iyya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mai ƙuri'a yakan tarar da sunaye shida ko takwas da bai taɓa ji ba, ga shi jaridun ƙananan garuruwa da ke tantance 'yan takara sun mutu da yawa. Idan aka rubuta jam'iyya, aƙalla zai san inda ɗan takara ya karkata. Suna kuma cewa jam'iyyu sun riga sun shiga, suna ba da kuɗi suna raba takardu a ɓoye, don haka gara a fito da abin fili kowa ya gani. Hujja ta uku ita ce, ilimi kansa ba ya rabuwa da aƙida: abin da za a koya wa yaro game da tarihi da tarbiyya tambaya ce ta siyasa, ko an so ko an ƙi.

Na yarda da rabin wannan magana. Jama'a na da haƙƙin sanin wanda ke ɗaukar nauyin ɗan takara, kuma iyaye na da haƙƙin faɗin albarkacin bakinsu kan tarbiyyar 'ya'yansu. Inda na rabu da su shi ne a kan maganin da suka kawo.

Abin da Ya Sa Nake Ganin Kuskure Ne

Na farko, tambarin jam'iyya yana amsa tambayar da ba ita ce a gaban hukuma ba. Mafi yawan aikin hukumar makarantu shi ne rufin aji da ke yoyo, da motar ɗaukar yara, da ƙarancin malaman lissafi, da yaron aji uku da har yanzu bai iya karatu ba. Sanin ra'ayin mutum kan harajin tarayya ko shige da fice ba zai gaya maka ko ya iya karanta kasafin kuɗi ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambarin jam'iyya kuwa daga babban birni ake buga shi, inda ba a san ɗakin ba balle yoyonsa.

Na biyu, a wurin da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, kuma haka mafi yawan gundumomin Amurka suke, ainihin zaɓen yakan koma zaɓen fitar da gwani. A jihohi irin su Fulorida da Fensilbaniya, wanda bai yi rajista da jam'iyya ba ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen fitar da gwaninta. Ma'ana, uban da ke biyan haraji, ɗansa kuma yana makarantar, zai iya rasa bakin magana kan wanda zai jagorance ta. Waɗanda ke fitowa irin wannan zaɓe kuma galibi su ne masu zafin ra'ayi, don haka ɗan takara mai sassauci tun a nan ake kayar da shi. Haka kuma mutanen kirki da yawa, kamar tsohon shugaban makaranta ko likitar gari, za su ƙi fitowa idan sharaɗin hidima shi ne su yafa rigar jam'iyya.

Na uku, kuma shi ya fi shafar malami, siyasar jam'iyya juyi gare ta, makaranta kuwa natsuwa take so. Abin da ya faru a shiyyar Central Bucks ta jihar Fensilbaniya ya isa misali. Bayan zaɓen 2021 'yan Rifablikan suka riƙe kujeru shida cikin tara. A 2022 suka kafa sabuwar ƙa'ida ta tace littattafan ɗakin karatu, a farkon 2023 kuma suka hana malamai liƙa alamomin da ke nuna goyon bayan wata aƙida a cikin aji. Gari ya rabu biyu, aka kashe ɗaruruwan dubban daloli a kamfe kan kujerun da ko albashi ba su da shi. A Nuwamban 2023 'yan Dimokurat suka lashe duka kujeru biyar da aka yi takara a kansu. Kafin tsohuwar hukuma ta sauka sai ta amince a biya babban jami'in ilimin shiyyar kuɗin sallama fiye da dala 700,000, sabuwar hukuma kuma da hawanta ta dakatar da waɗancan ƙa'idoji. Ba ina yanke hukunci kan wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba ne. Abin dubawa shi ne halin malamar da ke aji: cikin shekara biyu, abin da aka halatta mata ya zama haram, sannan ya sake komawa halal. Wanda ke aiki cikin irin wannan yanayi yakan koyi yin shiru da kame-kame, ko ya ajiye aikin ya nemi wani.

A kujerun gunduma ma akwai wuraren da jam'iyya ba ta da hurumi. Ana iya fahimtar a zaɓi kwamishinoni bisa jam'iyya, tunda su ke yanke yawan haraji da inda za a kashe shi. Amma mai ƙidayar ƙuri'a fa? Bayan zaɓen 2020, majalisar gundumar Marikofa a jihar Arizona, wadda huɗu daga cikin wakilanta biyar 'yan Rifablikan ne, ta tabbatar da sakamakon da ya nuna ɗan takarar jam'iyyarsu ya faɗi. Sun sha zagi da barazana daga 'yan jam'iyyarsu saboda sun yi aikinsu. Aikin da ake so a yi shi da gaskiya tsantsa, kamar ƙidayar ƙuri'a da koyar da yara, bai kamata mai yin sa ya riƙa waiwayen uban gida ba.

Cire Tambari Kaɗai Bai Isa Ba

A nan ne ya zama dole masu irin ra'ayina su faɗa wa kansu gaskiya. A birnin Los Anjalis ba a rubuta jam'iyya a zaɓen makarantu, amma a 2017 ƙungiyoyin waje sun kashe kusan dala miliyan 15 a kansa, tsakanin masu goyon bayan makarantun da ake ba 'yan kasuwa da ƙungiyoyi izinin gudanarwa da kuɗin gwamnati, da kuma ƙungiyar malamai. Rashin tambari bai hana kuɗi shiga ba.

Babbar ɓarakar ita ce ƙarancin masu fitowa. A zaɓen makarantu da ake yi shi kaɗai, ba abin mamaki ba ne a ga mutum ɗaya cikin goma ne ya jefa ƙuri'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan mutum dubu biyu ne za su yanke hukunci a garin mutum dubu talatin, duk ƙungiyar da ke iya tara mutum ɗari biyar ta zama sarauniya. Wata masaniyar kimiyyar siyasa, Sarah Anzia, ta nuna a bincikenta cewa zaɓen da ake ware wa rana dabam yana ƙara wa ƙungiyoyi masu tsari ƙarfi, kuma ƙungiyoyin malamai na cikin waɗanda suka fi cin moriyar haka. Wannan hannunka mai sanda ne gare mu. Ƙungiyar malamai tana da haƙƙin kare 'ya'yanta, amma buƙatar malami da buƙatar ɗalibi ba kullum suke zama ɗaya ba, kuma ba daidai ba ne ma'aikaci ya zama shi kaɗai ke zaɓen wanda zai sa masa ido. Don toshe wannan ɓaraka ne jihar Kalifoniya ta yi doka a 2015 da ta tilasta wa ƙananan hukumomin da jama'a ba sa fitowa zaɓensu su haɗa shi da ranar zaɓen jiha.

Idan kuwa jama'a suka farka, ba sa buƙatar tambari kafin su hukunta wanda ya gaza. A Fabrairun 2022 mutanen San Faransisko, birnin da mafi yawan masu ƙuri'arsa 'yan Dimokurat ne, suka yi wa 'yan hukumar makarantu uku kiranye da gagarumin rinjaye. Babban abin da ya fusata su shi ne hukumar ta shagala da shirin sauya sunayen makarantu 44 alhali azuzuwa na rufe, yara na zaune a gida. Da aikinsu aka auna su, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya dace.

Abin da Ya Shafe Mu

A Nijeriya ba ma zaɓen hukumar makarantu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora makarantun firamare a kan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, kuma naɗa shugabanninsu ake yi. Saboda haka siyasa ta ƙofar naɗi take shigo mana. Ƙananan hukumominmu 774 kuwa da jam'iyya ake zaɓensu, kuma sananne ne cewa jam'iyyar da ke mulkin jiha ita ke kwashe kujerun. A Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki a Kano ta lashe shugabancin ƙananan hukumomi 44 duka, wadda ke mulki a Kaduna ita ma ta lashe 23 duka, alhali jam'iyyun biyu daban suke. Mun kuma taɓa gwada zaɓen ƙananan hukumomi ba tare da jam'iyya ba a 1976 da 1987, kuma hakan bai kawar da masu kuɗi da iyayen gida ba. Darasin ɗaya ne da na Amurka.

Abin da muke da shi mafi kusa da hukumar makarantu ta jama'a shi ne ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin gudanar da makaranta da aka fara kafawa tun tsakiyar shekarun 2000, wanda ke haɗa mai unguwa, da iyaye maza da mata, da malamai, da tsofaffin ɗalibai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da aka fara cika waɗannan kwamitoci da 'yan gaban goshin kansila, ko aka mai da taronsu dandalin kamfe, mun shiga ramin da Amurkawa suka yi shekara ɗari suna ƙoƙarin fita daga cikinsa.

Kammalawa

Malami ɗan ƙasa ne, yana da ƙuri'arsa da ra'ayinsa, babu mai hana shi. Amma ajinsa na ɗan kowa ne, da ɗan mai mulki da ɗan mai adawa, kuma amanar da iyaye suka ba shi ba ta san jam'iyya ba. Shawarata ga mai shirin shiga wannan aiki ita ce ya ajiye hular jam'iyya a bakin ƙofar makaranta, ya ƙi neman canjin wurin aiki ko ƙarin girma ta hannun ɗan siyasa, domin wanda ya ɗora ka yau shi zai sauke ka gobe. Sannan ya yi ƙoƙarin ganin iyaye sun cika taron makaranta, a karanta musu abin da ya shigo da abin da aka kashe, a gaya musu yara nawa suka iya karatu a aji uku, nawa ne ba su iya ba. Iyayen da suka saba jin waɗannan alƙaluma da kunnensu, da wuya wani ya zo da tambari ko buhun shinkafa ya karɓe musu makarantar 'ya'yansu.